Bangon Ƙarƙashin Bene

Mai haɗa wuta ya rantse ba zai bar sabon ginin nan ba sai ya kafe akwatin rarraba wuta a bangon ƙarƙashin bene. Leburori sun watse tun magariba, daga shi sai guduma da tocila a goshi.

Yana cikin fasa bulo sai ya ji sallama a bayansa. Wani dattijo ne, muryarsa kamar daga cikin rijiya.

"Ɗana, matsar da akwatin nan. Ƙofarmu ce, ta nan iyalina ke wucewa."

"Haba Baba, ƙofa a jikin bulo? Nan injiniya ya zana, nan zan kafa. In ƙofarku ce, ku zagaya."

"Ka dai ji."

"Na ji. Ni da lantarki ya sha makawa da ƙasa ban fasa ba? Tunda ka zo, miƙo mini tasta."

Dattijon ya miƙo ɗan sukudireban gwajin wuta, wanda ba ya haske sai ya taɓa waya mai rai. Sai ga tastar tana ci jajir a tsakanin yatsun dattijon.

Layin nan kuwa ko turken lantarki ba a kafa ba tukuna.