Mutumin da ke Cikin Dodo

Ranar Asabar ce da yamma, gidan sinima ya cika maƙil. A kan allo dodo ya fito daga teku, ya kai wa wani dogon bene duka da jela, benen ya zube kamar an taka kwalin ashana. Nan take tafi ya ɓarke, har da masu fito. Mutum biyu ne kawai ba su tafa ba, kuma Allah Ya sa kujerunsu na jere da juna.

Ɗayar ita ce Auta. Haka ake kiranta a gida, haka ake kiranta a shagon tabarau inda take aiki. Babu fim ɗin dodanni da ya fito ba ta kalla ba, kuma babu wanda ta bari ya wuce ba ta yanke masa hukunci ba. Ta ja tsaki a hankali, sai ta ji na gefenta shi ma ya ja.

Da aka kunna fitilu ta dube shi. Dogo ne, mai sanyin fuska, tafin hannunsa duk kanta.

"Kai ma bai burge ka ba?"

"Gini ba ya faɗuwa haka," ya ce. "Sai ya yi ƙara tukuna, kamar yana roƙo. Ƙurar kuma ba ta washewa nan da nan, sai mutum ya wuni yana tofar da ita."

"Injiniya ne kai?"

"A'a, direba ne."

Ba ta tambayi direban mene ne ba, shi ma bai ƙara ba. Wannan ɗan shirun shi ya zo ya wahalar da su daga baya.

A matattakalar fita ta zazzage masa abin da ke cikinta, yana saurare kamar mai ɗaukar karatu.

"Finafinan da, mutum ake sakawa cikin rigar roba ya yi ta taka gidajen kwali. Kowa ya san ƙarya ce, amma kana jin nauyin takunsa, don akwai mai gumi a ciki. Kuma sukan nuna maka mai goyo tana gudu, da tsohon da ya koma ɗaukar takalminsa. Na yanzu aikin kwamfuta ne. Dodon ya fi kyau, ban musa ba, har ɓawon jikinsa kana gani. Amma babu kowa a cikinsa, babu kowa a cikin gidajen. Kyamara tana can sama wajen haƙoransa. Bene guda ya tafi, ba wanda ya tambayi labulen wa ke waccan tagar."

Ya yi murmushi. "Ranki ya daɗe, Alƙaliya. To me ke kawo ki kallo?"

"Ina duba ko wata rana za su tuna."

Tun daga ranar sunan ya bi ta. Ita kuma, ganin tsayinsa da yadda yake sunkuyawa a kowace ƙofa, ta sa masa Dodo. Asabar ta zama tasu, sauran kwanakin kuma waya ta ɗauka.

"Alƙaliyata, kin ci abinci, ko har yanzu ana shari'a?"

"Na ci, Dodona. Wata tsohuwa ta sa sabon tabarau yau, ta kalli jikanta ta ce ashe kunnuwansa manya ne. Na tuna ka."

"Kunnuwan nan naki ne, ki yi ta zuba musu hukunci har tsufa."

Wata yamma suna zaune a benci a bakin gidan sinimar, ta ba shi labarin da ba ta cika bayarwa ba. Tana ƙarama mahaifiyarta ta kwanta asibiti, ita da Babanta suna can suna jinya. Da suka dawo ɗaukar kaya, suka tarar da katafila tsaye a kan inda ɗakinsu yake. An yi ta gargaɗi, an ce, amma su suna asibiti. Gadon Mama, kwanukanta, bishiyar lemun tsamin da ta shuka a tsakar gida, duk an markaɗe su wuri guda.

"Na tsaya ina leƙen gilashin motar, ina so in ga fuskar wanda ke ciki. Rana ta haske shi, ban ga kowa ba. Shi ne dodon da na fara gani. Mama ba ta fito daga asibitin ba."

Ta share ido da bakin mayafi.

"Baba ya tsinci lemo ɗaya a cikin ɓaraguzan. Lokacin ɗakin haya muka koma, babu fili, sai ya shuka 'ya'yan a bayan shagonsa na kafinta. Ɗaya ta fito. Yanzu ta fi ka tsayi. Kullum sai ya ba ta ruwa kafin ya taɓa katako."

Ashe motar da Dodo yake tuƙawa katafila ce, kuma kamfaninsu aikin rusau yake yi. Ya buɗe baki zai faɗa, ya ga hawayenta, ya haɗiye. Ya ce a ransa sai Asabar mai zuwa. Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, tsoron rasa ta yana ƙara danne masa harshe.

To, akwai wani mai kemis a jikin shagon tabarau wanda ya daɗe yana neman Auta, kuma Baba yana ganin hankalinsa. Shi dai mai kemis, finafinanta shirmen yara ne a wajensa, yakan ce in sun yi aure za ta daina. Wata rana ya bi ta wani layi da ake rushewa, ya hango Dodo a saman katafila. Bawan Allah bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya ɗauka a waya, kuma bai kai wa Auta ba, Baba ya fara kai wa.

Baba ya kira ta shago. Ya miƙa mata wayar ba tare da ya ajiye abin fiƙe katakon da ke hannunsa ba.

"Wannan ne direban naki?"

Ta kalla. "Shi ne, Baba."

"Auta, ban taɓa zaɓa miki komai ba, ko takalmi. Ki kawo min mai shara, ki kawo min mai dako, zan ba shi. Amma ban da mai rusau. Ba zan zauna tabarma ɗaya da shi ba."

Ba ta yi musu ba, don ita ma zuciyarta tafasa take. Ta fita ta rubuta masa:

"Na ba ka labarin Mama, kana kallon idona, ka yi shiru. Ashe kai ne a cikin gilashin."

Amsa ta zo nan da nan: "Ba ni na rushe gidanku ba, lokacin ni ma yaro ne. Amma aikina ke nan, kuma na ɓoye miki. Tsoro na ji, Alƙaliya. Duk hukuncin da kika yanke na karɓa."

Asabar ta zo, ta je sinima ita kaɗai, ta fito fim bai kai rabi ba.

Ana haka masu ginin da shagon Baba yake suka sayar da shi. Dama bangon ya tsattsage, aka zo aka shafa jan fenti, alamar rusau, a ƙofofin layin gaba ɗaya. Baba ya kwashe injinansa da katakai zuwa gidansu da ke layin baya. Komai ya ɗauku, ban da bishiya. Sai ga saƙo ya shigo wayar Auta:

"Layin shagon Baba kamfaninmu aka ba. Wani aka so turawa, na roƙa a ba ni."

Ranta ya ɓaci. "Har roƙa ka yi? Allah Ya ba da sa'a."

"In ban zo ba, wanda bai san ku ba ne zai zo."

Ta kife wayar, ta yi kuka mai isarta.

Ranar da za a yi aikin, da hantsi, katafila ta shigo layin tana girgiza ƙasa. Auta na tsaye a gefe, ta zo ne don kada Baba ya tsaya shi kaɗai. Motar ta tsaya, aka kashe inji, Dodo ya sauko.

A wajen aiki Mai Sallama ake ce masa, don yana da wata ɗabi'a da abokan aikinsa ke yi wa dariya. Ba ya ɗora bokitin motarsa a kan gini sai ya shiga da ƙafarsa ɗaki bayan ɗaki, ya yi sallama, ya leƙa bayan ƙofa, ko da an rantse masa babu kowa. Ya sha fitowa da kyanwa mai jego, ko hoton da aka manta a bango. Yau ma haka ya bi shagunan, Auta tana jin muryarsa tana amsa kuwwa a ɗakunan da babu komai.

A bayan shagon ƙarshe ya iske Baba riƙe da buta, yana zuba wa bishiyar ruwa, bishiyar da ya san ba za ta kai azahar ba.

Dodo ya durƙusa. "Baba, ina kwana."

Baba bai juyo ba. "Yi aikinka, yaro. Ni ma nawa nake yi."

"Baba, akwai fili a gida?"

Auta ce ta amsa daga bakin ƙofa. "Akwai, gefen famfo."

"A samu masu haƙa rami, mai faɗi sosai. Ku taimaka min da zarto da tsofaffin buhuna."

Mai kula da aikin ya leƙo yana duba agogo. "Mai Sallama, rusau aka turo mu ko aikin lambu?"

"In an tambaya ka ce ni ne."

Ya zagayo da motar ta gefen da aka cire katangar kwano. Hannun motar nan da ke kifar da bango da duka ɗaya ya sauko a hankali, haƙori ɗaya ya shiga ƙasa, nesa da gindin bishiyar. Ya ja, ya tsaya, ya sauko ya duba, ya koma. Haka ya yi ta zagaya ta, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Inda saiwa ta yi nisa sai ya shiga ramin da kansa. Da ya ɗago hannu yana neman zarto, Baba ne ya miƙa masa, kuma wanda ya fi ji da shi ya ɗauko.

Suka naɗe ƙasar gindin da buhuna, su biyu. Sannan bokitin ya shiga ƙarƙashi ya ɗaga. Bishiyar ta yi rawa, lemo biyu suka faɗo, ta tsaya cak da ƙasarta da komai.

Katafila ta kama hanyar layin baya tana rarrafe, Baba na gaba yana ɗaga wayoyin wuta da sanda. Mutane suka fito ƙofar gida suna kallo, ba wanda ya tafa. Auta na bin gefe. Ya bar ƙofar motar a buɗe saboda zafi, don haka babu gilashi tsakaninsu. Ta ga gumi na bin haɓarsa, ta ga ya ciji leɓe, idonsa na kan rassan kada su taɓa bango. Ta daɗe tana kallon fuskar nan, hawaye na zuba ba ta share ba.

Da aka dasa bishiyar, ya wanke hannu a famfo, ya yi wa Baba sallama, ya koma ya rushe shagon. Aikinsa ne, kuma bai yi kamar ba shi ba ne.

Da yamma ta rubuta masa: "Dodona, yau na ga wanda ke ciki."

"Ki yafe min shirun da na yi."

"Na yafe. Saura Baba."

Sai dai bishiyar ba ta ji daɗin ƙaura ba. Ganyenta ya yi rawaya, ya zube tas, ta koma tsinke. Mai kemis ya biyo ya duba, ya ce ai dama wahalar banza aka yi. Auta ta tsorata, ta ɗauka maganarsu ta bushe tare da ganyen. A cikin wannan halin ne Baba ya ce ta kira masa yaron.

Ya zo ya tsuguna a bakin tabarma. Baba ya matsa gefe.

"Hau ka zauna."

Ya zauna a ɗarare.

"Ka ga bishiyar. Wataƙila ta tashi, wataƙila ba za ta tashi ba, wannan na Allah ne. Ban jira ta ba, don kada ka ce ita ta ba ka. Ni abin da na gani ya ishe ni. Da wanda ya zo gidana wancan lokacin ya sauko ya yi sallama, da ya iske maƙwabciya ta gaya masa muna asibiti." Sannan ya ƙara da cewa, "Auta ita ce abin da ya rage min wanda ban iya ɗauka da hannuna. Ka turo manyanka."

Dodo ya sunkuyar da kai. Auta kuwa tana bayan labule, ta toshe baki da mayafi.

Aka ɗaura aure bayan ruwa ya sauka. Da za a tafi da amarya, Baba ya kama hannunta ya kai ta gefen famfo, ya kira angon ma. A jikin wani reshe da kowa ya ɗauka ya mutu, ga 'yan ganye sun tsattsago, ƙanana kamar kunnen ɓera.

"Ku gaishe ta," ya ce. Sannan ya ɗora hannun Auta a kan hannun nan mai kanta. "Allah Ya yi muku albarka. Allah Ya ba ku gidan da ba za a taɓa fitar da ku ba. Duk ɗakin da za ka shiga a rayuwarta, ɗana, ka ci gaba da yin sallama."

"In Allah Ya yarda, Baba."

Auta ta ce amin tana kuka, maƙwabta suka taya ta. Baba ya raka su har bakin mota, ya tsaya har suka sha kwana, sannan ya dawo ya ɗauki butarsa ya nufi famfo.