Daren Da Kawu Ilu Ya Kunna Tocila A Bakin Teku

Ranar an ɗauke wuta tun magariba. Yaran gidan suna kan tabarma a tsakar gida, sun sa Yaya Hansai, 'yar wan babansu, a tsakiya. Binto, autarsu, ta ɗauko tocila za ta kunna. Yaya Hansai ta buge mata hannu.

"Ke, ajiye. Yau wata ya cika. Ba ku taɓa tambayar abin da ya sa ba a kunna wuta a gidan nan ran da wata ya cika ba?"

Ta waiga ta dubi ɗakin ƙurya, inda Anti Kande, 'yar Kawu Ilu, take kwana. Ƙofar a rufe, an zura sakata ta waje. Sai ta rage murya.

"Ku matso. Wanda ya yi kuka kuwa, babu ruwana."

Kawu Ilu masunci ne ɗan Yawuri. Shekarar da kifi ya ja baya a kogi, ya kwashi matarsa Tasalla da Kande, tana 'yar shekara huɗu, suka yi ta gangarawa kudu har inda ƙasa ta ƙare. Wani tsibiri ne a bakin teku, sai da kwalekwale ake shiga. Bishiyoyin kwakwa, farin yashi, da ruwan gishiri mai ruri dare da rana.

A can akwai kififiyar teku. Kunkurun ruwa ce, amma faɗinta ya kai tabarmar nan. Da dare take fitowa ta haƙa rami, ta zuba ƙwai, ta binne. Mutane suka yi ta tonewa suna ci har ta kusa ƙarewa. Sai aka kafa ƙungiya. Suka kwashe leda da ruɓaɓɓun komayen kamun kifi daga gaɓa, suka dasa itatuwa inda ruwa ke cin ƙasa, suka kafa sanda a kan kowane rami. Kawu ya samu aikin gadin ramukan.

Duk Asabar malamar ƙungiyar, Madam Ebi, tana tara manya da yara a gindin kwakwa tana koya musu. Shi kuma ta ja shi gefe.

"Malam Ilu, doka ɗaya ce. Ba wuta a gaɓa. In 'ya'yan suka ƙyanƙyashe, hasken wata a kan ruwa suke bi su shiga teku. Ka kunna fitila, ita za su bi. Su yi tudu, ƙaguwa ta cinye su."

Kawu ya ce to. A ransa kuwa dariya yake. A Yawuri da fitila ake kiran kifi, kuma mai gadi ba tocila ai makaho ne da sanda. Ya ɓoye tocilarsa a aljihu.

Wani dare, wata ya cika, sai ga Tasalla da gudu, ko ɗankwali babu.

"Malam! Kande ba ta ɗaki!"

"Kin duba bayan gida?"

"Na duba ko'ina. Tun rana take cewa sai ta ga 'ya'yan da Madam ta nuna musu a hoto."

"Je ki tashi mutane."

Ya bi gaɓa shi kaɗai. Ga sawunta nan, ƙanana, sun nufi ruwa. Ruwa kuma yana hauhawa, yana lashe su ɗaya bayan ɗaya. Bai yi tunanin komai ba. Ya zaro tocila ya kunna.

"Kande! Kandala!"

Teku ce kawai ta amsa.

Yana gudu yana haskawa, ya yi ruwa, ya yi tudu. Can ya ji wani abu a bayansa. Kar-kar-kar. Ya juya. Rami ya fashe. 'Ya'yan kififiya ne, baƙaƙe, kowanne bai kai tafin hannu ba, sun juya wa teku baya suna bin haskensa. Ƙaguwa har ta fara fitowa. Ya gani sarai. Ya kau da kai ya ci gaba.

Sai hasken ya faɗa kan mutum.

Tsohuwa ce zaune a kan yashi, ta lulluɓa da baƙin zane. Bayanta a kumbure kamar ta goya ƙwarya. Ya yi sallama, ba ta amsa ba. Hawaye na zuba daga idonta, amma fuskar ba ta kuka.

"Inna, don Allah, kin ga yarinya? 'Yar ƙarama, da jan zane."

"Kashe."

Muryar kamar daga ƙarƙashin ruwa take fitowa. Kuma da Hausar Yawuri, a tsibirin da babu mai jin Hausa sai shi da matarsa.

Ya sauke hasken ƙasa. Daga teku har inda take zaune babu sawun ƙafa ko ɗaya. Sai wata faffaɗar shaida kamar an ja buhu, da ƙarce hagu da dama.

Ya ɗauko Ayatul Kursiyyu, harshensa ya harɗe.

"'Yata nake nema, Inna."

"Ni ma nawa nake nema. Taka ɗaya ce. Kashe."

"In na kashe da me zan gan ta?"

"Su da me suke gani?"

Ruwa ya taɓa masa ƙafa. Ya tuna Kande ba ta iya iyo ba. Duk abin da ke jikinsa yana ce masa ya ruga ya ci gaba da haskawa. Ya danna. Tocilar ta mutu, duhu ya rufe masa ido.

"Mai da min su," in ji ta.

Kawu ya durƙusa. Da lalube yake tsintarsu yana zubawa a gaban rigarsa. Ƙaguwa ta datse masa yatsa, bai ji ba. Ya kai ruwa ya sake su, ya dawo.

"Saura."

Ya koma. Gindin ciyawa, cikin ramin ƙaguwa, ƙarƙashin ɓawon kwakwa. Gwiwarsa ta goge har jini.

"Inna, ruwa na ƙaruwa. Ki faɗa min inda take, na rantse zan dawo in ƙarasa."

"Saura."

Yana kuka yana tsinta. Babban mutum, da gemu.

Na ƙarshen, a cikin sawun takalminsa ya same shi. Ya taka shi lokacin da yake gudu. Ba ya motsi. Babu wanda ya gani. Da ƙafa ɗaya zai iya tura masa yashi, shi ke nan. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya ɗauke shi a tafin hannu ya kai mata.

"Inna, wannan ni na taka shi."

Ta dubi tafin hannunsa.

"Da ka binne shi, da ita ma haka za ka same ta. Je ka sanda ta ƙarshe. Amma wannan bai kai ruwa ba. Taka za ta riƙa nema masa hanya."

Ba ta miƙe ba. Kifawa ta yi a kan ƙirjinta, ta ja jiki ta shiga teku.

A gindin sanda ta ƙarshe, cikin wani ramin da aka riga aka ƙyanƙyashe, ya samu Kande, ta duƙunƙune cikin ɓawon ƙwai tana barci. Gashinta sharkaf. Tana numfashi.

Kawu ya wurgar da tocilar nan. Daga ranar shi ke bi gida-gida yana roƙon mutane su rufe fitilunsu, har Madam Ebi ta mai da shi mai koyarwa ran Asabar. Amma da wata ya sake cika, Kande ta sauko daga gado cikin barci, a kan cikinta, tana jan jiki zuwa fitilar maƙwabta. Haka wata na gaba. Shi ya sa aka kawo ta nan, nesa da teku.

"Har yau abin bai bar ta ba," in ji Yaya Hansai. "Kun tuna bara da aka tsince ta a bakin titi? Fitilar mota ta bi. Saboda haka duk wanda Allah ya kai shi bakin teku a cikinku, kada ya bi gaɓa shi kaɗai. In kuwa ya bi, ya bar wutarsa a gida."



Daga ɗakin ƙurya suka ji wani abu. Kamar ana jan buhu a kan siminti. A hankali. Yana nufo ƙofa.

Binto ta dubi cinyarta. Wani ɗan haske ja yana fitowa ta cikin zanenta. Ashe a nan ta cusa tocilar, tsoro ya sa ta danna, ba ta sani ba.

Sakatar ta motsa.

"Binto," in ji Yaya Hansai, leɓenta kawai ke motsi. "Kashe."