Turare a Layin Marmari

Malamin tattalin arziki ya rubuta turare a layin marmari, bai san 'yar mai turare tana zaune a ajinsa ba. Daga nan matsala ta fara.

Darasin ba wuya. Ya raba allo biyu, gefe ɗaya buƙata, ɗayan marmari, ya ce wa ɗalibai kafin su sayi komai su tambayi kansu a wane gefe yake. Auta, 'yar mai turaren, ta ɗauki maganar da zafi. Ta koma shagon babanta, duk wanda ya miƙa hannu ga kwalba sai ta ce, "Kawu, ka biya kuɗin makarantar yara kuwa?" Mutane suka fara ajiye kwalba suna ficewa.

Yayarta, wadda take riƙe da shagon, ta zo makarantar da kanta. Ba faɗa ya kawo ta ba. So take ta ga mutumin da turare bai dame shi ba. Ta tsaya a bakin ƙofar aji. Malam ya juyo da alli a hannu, ya gan ta, ya manta abin da yake faɗa, sai atishawa.

"Malam, me turare ya yi maka?"

"Hancina ba ya ɗaukarsa, ranki ya daɗe."

"Ashe hancinka kake koya wa yara, ba littafi ba."

Ajin ya fashe da dariya. Shi ma ya yi, yana goge ido.

Bai kwana biyu ba ya nemi lambarta. Saƙon farko: "Ƙamshina, ban goge allon ba, amma na kasa kallonsa."

Ta amsa: "Malam Buƙata, ni a wane layi ka sa ni?"

"Ba ki shiga allon ba. Ya yi miki kaɗan."

Ta riƙa yi masa tambayoyi. Me ya sa kuɗin kwalba yake tashi alhali turaren ciki bai canja ba? Me ya sa albashinsa yake kai ƙarshen wata, nata cinikin ba ya kaiwa? Ya yi bayani, ta gwada a shago, ta dawo da wata tambayar. Haka suka shaƙu.

Da maganar aure ta taso, Baba ya ce sam. "Mutumin da ya kore mini masu saye? Wannan marowaci ne. Zai auna miki sabulu."

Akwai kuma wani dillalin motoci da yake zuwa ya kwashi kwalabe ba ya tambayar farashi. Baba shi yake so. Ita ta ce, "Baba, tun da muka san shi ya canja waya, ya canja mota, ya canja budurwa. Ni ce ta gaba a layi."

Baba ya aika a kira Malam.

"Kana son 'yata, ka zo ka tsaya a shagon nan duk Asabar. Abin da ka raina, ka sayar da shi da hannunka, in gani."

Ya zo da hankici. Baba ya zauna a kusurwa yana kallo. Wani magidanci ya ɗauki babbar kwalba yana ta juya ta, yana shafa aljihu. Malam ya miƙa masa ƙarama. "Yaya, ɗauki wannan. Ƙamshin ɗaya ne, kuma za ka kai cefane gida."

Baba ya miƙe kamar zai yi magana, ya koma ya zauna. Da aka rufe shago ya ce wa 'yarsa, "Ciniki dai bai iya ba. Amma ina zaune, aurenki yana hannuna, ya ƙi cutar baƙo don ya burge ni. Ke ma ba zai cuce ki ba."

Aka yi aure. Baba ya dafa kawunansu ya ce Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya mai albarka, kowa ya ce amin.

Sharaɗin Asabar dai Baba bai janye ba. Har yau Malam yana bayan kanta, hanci ja, ido na ruwa, matarsa tana miƙa masa hankici. Ranar Litinin kuma da murya a toshe yake shiga aji.