Sunan da Sila Ya Ɓoye a Naif

A cikin abra ya fara ganinta, ɗan kwalekwalen katakon nan da ke tsallakar da mutane daga Deira zuwa Bur Dubai. Safiyar Juma'a ce a 2007, ruwan ya kwanta luf. Tana zaune a gefe da farin kallabi, tana rera waƙar coci can ƙasa-ƙasa, da Hausa.

Shekara huɗu rabon Sila da jin irin waƙar. Bai san lokacin da muryarsa ta bi tata ba.

Ta juyo da murmushi. "Ɗan ina ne mai wannan murya?"

"Wusasa. Sunana Sila."

"Ni Afiniki, daga Malumfashi. To yalla, mu tafi, ai hanyarmu ɗaya, sujada za ni."

Shi shan iska kawai ya fito, amma ƙafarsa ta bi ta. Ya zauna a bencin baya na ɗan ɗakin da Kiristoci masu jin Hausa ke taruwa, yana kallon farin kallabin kamar mai mafarki.

Afiniki nas ce a wani ƙaramin asibiti a unguwar Karama. Sila kuwa yana ɗaure kaya a ofishin kago, wato na aika kaya gida, na Alhaji Ɗalhatu, wani Bakano a kasuwar Naif. Tun daga ranar Nokiyarsa ba ta huta ba.

"Tauraruwata, yau na ɗaure katan ɗari na takalma, duk wanda na ɗaga sai in ga fuskarki."

"Habibi, ka dai kula da bayanka. Ka yi addu'ar safe kuwa?"

Wannan tambayar ce kullum ba ya amsawa.

Akwai abin da bai faɗa mata ba. Ranar da ya fara aiki, Alhaji ya tambayi sunansa, tsoron kada a ƙi ɗaukarsa ya sa ya ce Bala. Daga nan ya cire ɗan gicciyen wuyansa. Sannu a hankali ya daina addu'a ma, don kunyar wanda zai yi wa magana.

Gidiyon, mai kaɗa piyano a coci, ya daɗe yana son Afiniki. Da ya ji labarin ana kiran Sila Bala a Naif, shi ya buga wa mahaifinta, tsohon fasto a Malumfashi, ya ce yaron ya bar bangaskiya. Baba ya kira 'yarsa ya ce, "Wanda ya ji kunyar Ubangijinsa, wata rana zai ji kunyarki. Ban yarda ba."

Ba ta gaskata ba, sai ta tafi Naif da kanta. Ta ratsa lungunan jakunkuna da turare har ƙofar ofishin, daidai lokacin da wani ɗan kasuwa ke kira, "Bala, zo ka auna min wannan!"

"Na'am!" in ji Sila. Ya ɗago, suka haɗa ido.

Ba ta yi faɗa ba. Juyawa ta yi, saƙonta ya biyo baya.

"Ban san wanda nake so ba, Sila ne ko Bala. Kada ka dawo domina. Akwai wanda ya riga ni jiranka."

Wata biyu bai neme ta ba. Kwanakin farko haushi ya ji, na Gidiyon, na Baba, har nata. Wata asuba a ɗakinsu na Hor Al Anz, abokan zamansa sun fita, ya durƙusa a gaban gadon ƙarfe. Da ƙyar ya ce, "Yesu, ni ne. Na yi musunka. Ka gafarta mini." Ya yi kuka har rana ta shigo ta taga, ya tashi jikinsa sakayau kamar wanda zazzaɓi ya saki.

Ranar ya tsaya gaban teburin maigidansa.

"Alhaji, na yi maka ƙarya. Sunana Sila, ni Kirista ne. In kora ce, na yarda."

Alhaji Ɗalhatu ya cire tabarau ya yi dariya. "Yaro, fasfonka na aljihun teburin nan shekara huɗu. Jira nake in ga ranar da za ka daina tsoro. Riƙe addininka da gaskiya. Khalas, shi ke nan, koma bakin aiki."

Daga nan kowace safiya yakan keɓe da Allah kafin ya fita, yana gaya masa komai, har ƙananan abubuwa. Juma'a yakan je sujada ya fita ba tare da ya tare ta ba. A Juma'a ta takwas ya miƙe gaban jama'a ya ba da shaidarsa duka. Gidiyon ya sunkuyar da kai. Afiniki na share ido da bakin kallabi.

A bakin ƙofa ta tsayar da shi. "Da ban dawo gare ka ba fa?"

"Da na yi kewarki har tsufa, Tauraruwa. Amma da ban sake sakin hannun Ubangiji ba."

"To kira Baba. Da bakinka."

Ya kira. Bai kare kansa ba, ya faɗi komai.

"Ɗana," in ji Baba, "shekara talatin ina wa'azin tuba. In na ƙi wanda ya tuba, me na koya wa mutane? Turo magabatanka."

A watan Disamba aka ɗaura auren a Dubai. Baba ya hau jirgin sama karo na farko a rayuwarsa. Gidiyon, bayan ya nemi gafara, shi ya kaɗa piyano. Alhaji ya aiko da buhun shinkafa da akwatin amarya. Matan zumunta suka rangaɗa guɗa har Indiyawan ɗakin kusa suka leƙo suna tafi.

Baba ya ɗora hannuwansa a kan su biyun.

"Ubangiji ya zauna a gidanku kamar ɗan gida, ba baƙo ba. In kun yi tuntuɓe, ya ba ku saurin komawa gare shi. Ya ba ku 'ya'ya masu tsoronsa."

"Amin," in ji jama'a. Afiniki ta matse yatsun mijinta, ta ce nata amin ɗin a hankali, shi kaɗai ya ji.