Ramar Zakari

Hajiya Hadizatu ta iso daga Damagaram gidan ɗanta Zakari a unguwar Kirkissoye. Ko mayafi ba ta ajiye ba ta ƙura masa ido, ta saki salati.

"Wayyo ni! Ina tumbin? Ina kumatun? Ke Hasiya, haka na ba ki shi?"

Hasiya, matarsa, ta sunkuyar da kai. To me za ta ce? Lokotoron asibiti ne ya ce tansiyon ɗin Zakari ya hau, wato hawan jini. Abin da yake ci ya fi abin da jikinsa ke ƙonawa, ga zaman biro, wato ofis, ga hawan moto har ƙofar gida, ragowar kuwa kitse take zama. Shi ne ta rage mai da sukari, ta ƙara zogale a dambu, kullum bayan la'asar su taka da ƙafa har gada su dawo. Sai dai Zakari ya roƙe ta kada Innarsa ta ji.

Washegari Hajiya ta karɓe girki. Ta dire masa tuwo malmala uku, man shanu har yana ambaliya.

"Cinye, ina kallo!"

Bawan Allah, shi da bai iya yi wa uwarsa musu ba, ya miƙa hannu. Hasiya ta yi wuf ta janye kwanon.

"A gabana? Lallai yarinya! Tattara kayanki, yau a gidanku za ki kwana!"

Hasiya ta miƙe tana hawaye, amma ba ta saki kwanon ba. Zakari ya ji kunya ta kama shi. Ya durƙusa.

"Inna, ciwon da ya ɗauke Baba ne ya kama ni. Ni na hana ta faɗi. Ramar nan magani ce, wallahi yanzu har gudu ina yi."

Hajiya ta zauna daɓas. Ta daɗe tana kallon man da ke daskarewa a kwanon, sannan ta jawo Hasiya jikinta tana kuka.

"Yafe mini, 'yata. Kin yarda a kore ki don ya rayu? Ɗauki ludayin, ki nuna mini iyakar da ake zuba masa."

Haƙurin Hasiya bai faɗi ƙasa ba. 'Yan uwa, mu daina auna kulawar mace da tumbin mijinta, wata saboda so take rage tuwo.