Waƙar da Kaka Ta Roƙa

A wani ƙauye can da, an yi wata yarinya mai zaƙin murya cikin mawaƙan coci. Sai ta fara gudun koyon waƙa, tana zuwa kasuwa sauraron makaɗan zambo.

Kakarta ta ce, "Jikata, abin da kunne ya ci, shi baki ke amayarwa."

"Haba Kaka, dariya ce kawai!"

Yau dariya, gobe dariya, har Kaka ta kwanta ciwon ajali. Ta riƙe hannun yarinyar ta ce, "Rera mini waƙar Yesu ko guda, in tafi da ita."

Yarinya ta buɗe baki, sai zambo ya zo mata. Ta sake buɗewa, zambo ne dai. Tana cikin laluben baitin farko, hannun Kaka ya saki.