Hannun Baba a Jikin Bango

"Kin sake ɗaga bikin ke nan," in ji Malam, saurayin Auta, suna tsaye a barandar asibiti.

"Ka yi haƙuri, masoyina... Wa zan bar wa Baba?"

"Haƙurin nake ta yi, Auta. Na gaji ne kawai."

Ita ma ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Tun da aka yi wa Baba aiki aka sa masa kafaɗar ƙarfe, ita ce hannunsa na dama. Ita ke sa masa riga, ita ke kai masa kofi baki, ko ƙuda ba ta bari ya kora da kansa.

Likitar gashin ƙashi ta leƙo ta kira su ciki. Ta tsayar da Baba gaban bango, ta ce ya riƙa hawa da yatsunsa sannu a hankali. Da hannun ya kai daidai ƙirji sai tsohon ya yamutsa fuska. Kafin ka ce me, Auta ta tallabe masa gwiwar hannu ta ɗaga.

"Haka kike yi masa a gida?" in ji likitar.

"Ciwo yake ji..."

"Dole ya ji. Amma ke ce ke motsa jikin, ba shi ba. In aka ci gaba haka kafaɗar nan za ta sandare, ba kuma za ta sake saki ba."

Auta ta saki gwiwar hannun. Ashe duk wahalar nan, garin neman gira take shirin rasa ido.

Baba ya sunkuyar da kai.

"Na sani, 'yar nan. Daɗin hannunki nake ji, shi ya sa na yi shiru. Tun rasuwar mahaifiyarki ba wanda ya lallaɓa ni haka."

Ya juya wajen Malam da ke bakin ƙofa.

"Zo, ɗana. Tsaya tsakanina da ita. Ko ta ji na yi ƙara kar ka ba ta hanya."

Malam ya shiga tsakani. Yatsun Baba suka fara hawa, gumi na tsatstsafo masa, yana nishi. Auta ta damƙe bakin mayafinta, hawaye na zuba, tausayi kamar ya kashe ta.

Yatsun suka wuce kafaɗa da kaɗan.

"Ku sa ranarku," in ji Baba da ƙyar, bai waiwayo ba. "Ni da bangon nan mun ishi juna."